Yadda za ka auna kamfanin manhaja idan masu zuba jari sun fara shakkar girmansa: mu duba abin da ya samu Zoom

Tunda samarinmu suka fara sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta waya, ta manhajoji irin su Bamboo da Trove da Chaka, akwai wata tambaya da take yawan dawowa. Kamfani kaza farashinsa ya faɗi warwas, labarai na ta cewa masu zuba jari sun daina yarda zai ƙara girma, to in saya ne tunda ya yi araha ko kuwa in yi ta kaina? Ni dai abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kamfanin da ya daina girma daban, kamfanin da yake mutuwa daban, kuma duk aikin da ke gabanka shi ne ka gano wanne ne a ciki kafin ka danna saye. Zan yi bayanin da Zoom saboda kusan kowa ya sanshi, da shi aka yi ta taron ofis da karatu da wa'azi lokacin kullen korona, kuma lissafinsa a fili yake kowa na iya dubawa.

Farko dai ka tabbatar kamfanin da kake kallo shi ne wanda kake nufi. Kada ka raina wannan, domin a farkon 2020 mutane da yawa sun yi ta sayen hannun jarin wani ƙaramin kamfani mai suna Zoom Technologies suna zaton shi ne na bidiyon, har sai da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, ta dakatar da cinikinsa a watan Maris na shekarar. Na gaskiyan alamarsa a kasuwar Nasdaq ZM ce, Eric Yuan ne ya kafa shi a 2011, ya shiga kasuwa a Afrilun 2019 a kan dala 36 kowane hannun jari.

Daga nan sai ka ajiye labaran kafafen sada zumunta gefe ka nemo takardun kamfanin da kansa. Duk kamfanin Amurka da ke kasuwar hannun jari dole ya miƙa rahoton shekara da ake kira 10-K da na kowane wata uku da ake kira 10-Q, kyauta ne a shafin SEC, kuma suna nan a shafin kamfanin ɓangaren masu zuba jari. Takardun suna da tsawo kam, amma ba duka za ka karanta ba, layuka kaɗan ne suke ɗauke da maganar. Ka lura kuma shekarar lissafin Zoom a ƙarshen Janairu take ƙarewa ba Disamba ba, wannan yakan rikita mutane in suna kwatanta shekaru.

Layi na farko shi ne kuɗin shiga, amma kar ka tsaya kan girman adadin, ka jera na shekara huɗu ko biyar ka ga saurin ƙaruwar. Ga na Zoom: shekarar da ta ƙare Janairun 2020 kusan dala miliyan 623, wadda ta ƙare Janairun 2021 dala biliyan 2.65 wato ƙarin kashi 326 cikin ɗari, ta gaba biliyan 4.1 ƙarin kashi 55, ta gaba biliyan 4.39 ƙarin kusan kashi 7, sannan wadda ta ƙare Janairun 2024 biliyan 4.53 ƙarin kusan kashi 3 kacal. Kaga kuɗin shigar bai taɓa raguwa ba ko sau ɗaya a waɗannan shekaru, kullum gaba yake yi, amma farashin hannun jarin da ya haura dala 550 a Oktoban 2020 sai da ya dawo yana yawo tsakanin 60 da 70 da wani abu a 2023. Mutum zai ce ta yaya ciniki na ƙaruwa farashi na rugujewa, to amsar ita ce wanda ya saya a 550 ba cinikin ranar ya biya ba, ya biya kuɗin girman da yake tsammani na shekaru goma masu zuwa ne, da girman bai zo ba shikenan sai farashin ya sauko ya tarar da gaskiya.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka a nan shi ne, wannan girman da aka gani a baya me ya kawo shi, kuma abin yana nan ko ya wuce? Mai sayar da raguna sati guda kafin babbar sallah zai yi cinikin da bai yi ba duk shekara, amma ba wanda zai sayi garken nasa da lissafin cewa haka kowane sati zai kasance. Zoom sallarsa korona ce. Masu shiga taro a rana sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, kuma ranar 9 ga Nuwambar 2020 da kamfanin magunguna na Pfizer ya sanar da cewa rigakafinsa na korona na aiki, a ranar kaɗai hannun jarin Zoom ya zube da kusan kashi 17, alhali ba abin da ya canja a cikin kamfanin. Kasuwa ce ta gane cewa mutane za su koma ofis da makaranta. In ka tarar girman kamfani ya jingina ne da wani abu na lokaci ɗaya, annoba ce ko wata doka ko wani yayi, to shakkun masu zuba jari yana da tushe.

A kan miliyan 300 ɗin nan ma akwai darasi. Da farko kamfanin ya rubuta su a matsayin masu amfani da manhajar kullum, daga baya ya gyara ya ce masu shiga taro ne, wato in ka shiga taro biyar a rana sau biyar za a ƙirga ka. Kuma da yawansu kyauta suke shiga, irin wanda yake yankewa bayan minti 40. Don haka duk lokacin da kamfanin manhaja ya fito da wani babban adadi na mutane ka tambaya nawa ne a ciki suke biyan kuɗi.

Yanzu ga wurin da nake so ka zauna sosai, domin nan ne ainihin lafiyar kamfanin manhaja take. Irin waɗannan kamfanoni ba sayarwa ɗaya suke yi su tafi ba, kuɗin wata ko na shekara suke karɓa, saboda haka tambayar ita ce kwastoman da aka samu bara yana nan bana, kuma in yana nan ya ƙara abin da yake biya ko ya rage? Akwai wani ma'auni da suke bugawa a sanarwar sakamakon kowane wata uku, kusa da inda suke faɗin yawan kwastomomi, wanda yake nuna in tsofaffin kwastomomi sun biya dala 100 bara nawa suka biya bana bayan an cire waɗanda suka tafi da waɗanda suka rage. In ya nuna 130 to ko ba a samu sabon kwastoma ko ɗaya ba ciniki zai ƙaru da kashi 30, in ya nuna 100 an tsaya cak, in ya yi ƙasa da 100 to tsofaffin suna raguwa kenan sai an yi ta nemo sababbi kafin a cike gurbi. Na Zoom ya daɗe yana sama da 130 a 2020 da 2021, ya sauko 115 a farkon 2023, ya zo 101 a farkon 2024, daga baya ma ya ɗan gangara ƙasa da 100. Wannan layin kaɗai ya isa ya nuna maka abin da masu zuba jari suke gani da ya sa jikinsu ya yi sanyi, kuma ba sai ka jira wani mai sharhi ya faɗa maka ba.

Sannan ka raba kwastomomin gida biyu, kamar yadda Zoom ɗin kansa yake rabawa. Akwai manyan ma'aikatu da suke sa hannu a kwantiragin shekara ko fiye ta hannun ma'aikatan talla, akwai kuma ɗaiɗaikun mutane da ƙananan sana'o'i da suke sa kati su biya ta intanet. Kashi na biyun nan a Zoom kusan kashi 3 cikin ɗari suke ficewa kowane wata. Kashi 3 kamar ba komai ba ne, amma ɗauki biro ka lissafa, in ka fara Janairu da mutum 100 kowane wata kashi 3 cikin ɗari na waɗanda suka rage suna zamewa, kafin Disamba ta fita saura kusan 70, wato kusan kashi 30 sun tafi a shekara guda kuma dole a kashe kuɗin talla a nemo madadinsu kafin ma a fara maganar ƙaruwa. Su kuwa manyan ma'aikatun, waɗanda suke kawo sama da rabin kuɗin shiga, nasu cinikin ya ci gaba da ƙaruwa a hankali. Da ka haɗa biyun sai ka ga ƙarin kashi 3 ɗin da aka samu a jimillar kuɗin shiga ɓangare ɗaya ne yake ja gaba ɗayan yana ja baya. In ba ka raba ba ba za ka ga haka ba. Ka kuma kula in kamfani ya canja yadda yake ƙirga kwastoma, kamar yadda Zoom ya koma bayar da adadin manyan ma'aikatu a 2022 maimakon tsohon ƙirgen masu ma'aikata fiye da goma, ba wai laifi ba ne amma yana hana ka kwatanta sabo da tsoho kai tsaye.

Sai maganar abokan gasa, kuma gaskiya wannan ita ce ta fi damuna game da kowane kamfani mai kaya ɗaya. Ka tambaya, akwai wani babba da zai iya bayar da irin kayan nan kyauta ko ya cusa shi cikin abin da mutane suka riga suke biya? Microsoft ya sa manhajarsa ta taro, Teams, a cikin kunshin Office da ma'aikatu suke biya tun da can, Google ma ya buɗe tasa, Meet, kyauta a 2020. Ka sa kanka a kujerar mai kula da kuɗi na wata ma'aikata da aka ce ya rage kashe-kashe, yana ganin Teams a cikin abin da ya riga ya biya, ko da ma'aikatansa sun fi jin daɗin Zoom wanne kake ganin zai yanke? Slack ma, kamfanin manhajar saƙonnin ofis, irin wannan matsin ne ya sa ya kai ƙarar Microsoft gaban hukumar Tarayyar Turai a 2020, kafin kamfanin Salesforce ya saye shi. Microsoft ya fara raba Teams da Office a Turai a 2023 sannan a sauran duniya a 2024, amma kafin nan ma'aikatu da yawa sun riga sun saba.

Idan ranar fitar da sakamako ta zo, kar ka tsaya kan abin da aka samu a wata ukun da suka wuce, ka gangara inda shugabannin kamfanin suke faɗin abin da suke sa ran samu a wata uku masu zuwa. A ƙarshen Agustan 2021 Zoom ya sanar da cewa karo na farko ya yi cinikin sama da dala biliyan 1 a wata uku, ƙarin kashi 54, labari mai daɗi in ka ji, amma washegari farashi ya faɗi da kusan kashi 17, saboda hasashen da suka bayar na gaba kusan daidai yake da wanda ya wuce, wato su da bakinsu sun nuna gudun ya tsaya. Wata guda bayan haka cinikin da suka ƙulla na sayen Five9, kamfanin manhajar amsa kiran kwastomomi, a kan dala biliyan 14.7 ya wargaje, da hannun jari za a biya ba da tsabar kuɗi ba, da hannun jarin ya rage daraja sai masu Five9 suka ƙi amincewa. Kaga faɗuwar farashi ba a allo kawai take tsayawa ba, tana iya toshe wa kamfani ƙofar da yake son bi ya nemo sabon girma.

To duk wannan ɓangare ɗaya ne, yanzu ka juya ka duba ko kamfanin mutuwa yake yi. Abu uku za ka nema, tsabar kuɗin da ke hannunsa, bashin da ake binsa, da kuma ko bayan duk kashe-kashe kuɗi na saura ko ƙonewa suke. A nan labarin Zoom ya sha bamban da na kamfanoni da yawa da suka tashi lokacin korona. A ƙarshen Janairun 2024 yana da kusan dala biliyan 7 na tsabar kuɗi da takardun da za a iya mayarwa kuɗi nan take, ba wani bashin banki da ya danne shi, kuma a shekarar kuɗin da suka rage masa bayan ayyuka sun kusa biliyan 1.5. Wannan ba kamfanin da za a rufe gobe ba ne. Ya sha wuya dai, a Fabrairun 2023 ya sallami ma'aikata kusan 1,300 wato kashi 15 cikin ɗari, Eric Yuan ya rage albashinsa da kashi 98, amma rage ma'aikata riba yake gyarawa, ba ya kawo sabon kwastoma, kar ka ɗauki ɗaya a madadin ɗaya.

Amma dan Allah kar ka karɓi adadin riba yadda aka miƙo maka. Kamfanonin manhaja riba iri biyu suke bugawa, akwai ta ƙa'idar lissafi da ake kira GAAP akwai kuma wadda suka gyara da kansu, kuma babban abin da suke cirewa a ta biyun shi ne hannun jarin da suke raba wa ma'aikata a madadin wani ɓangare na albashi. Suna cewa ai ba kuɗi ne suka fita daga aljihu ba, haka ne, amma daga naka kason ake yanka, duk sabon hannun jarin da aka buga naka ya ƙara ƙanƙancewa. A Zoom wannan ya haura dala biliyan 1 a shekara, kuma yana cikin abin da ya sa ribar ƙa'ida ta shekarar da ta ƙare Janairun 2023 ta tsaya wajen dala miliyan 104 bayan ta haura biliyan 1.3 a shekarar da ta gabace ta. In ka ji an ce kamfani zai sayi hannun jarinsa daga kasuwa, kamar na biliyan 1.5 da Zoom ya sanar a Fabrairun 2024, ka duba ko jimillar hannayen jarin tana raguwa da gaske ko kuwa ramin da rabon ma'aikata ya haƙa kawai ake cikewa. Adadin yana shafin farko na 10-K, ka kwatanta na bana da na bara.

Sai a zo kan farashi, a nan ne za ka san araha ce ko ba araha ba. Faɗuwa daga 550 zuwa 65 ba ita ce hujja ba, tsohon farashin ba alkawari ba ne da kasuwa ta ɗauka za ta koma. Yi lissafin da kanka. A Oktoban 2020 darajar kamfanin gaba ɗaya ta kai wajen dala biliyan 160, har ya taɓa wuce babban kamfanin mai na ExxonMobil, a kan cinikin biliyan 2.65, kusan ninki 60 kenan. A farkon 2024 darajar ta dawo wajen biliyan 20. Cire biliyan 7 da ke ajiye saura 13, raba da biliyan 1.5 da yake saura a shekara ka samu kusan ninki 9, wanda za ka ce araha ce. Amma in ka ɗauki rabon ma'aikatan nan na sama da biliyan 1 a matsayin albashi na gaske ka cire, abin da ya rage bai kai rabin biliyan ba, sai ninkin ya tashi ya doshi 30, kuma ninki 30 a kan kamfani mai ƙaruwar kashi 3 ba araha ba ne ko kaɗan. Lissafi biyun nan duka daga takarda ɗaya suka fito, kuma a tsakaninsu ne masu saye da masu sayarwa suke jayayya. Ni na biyun nake ɗauka, domin ma'aikaci in ba a ba shi hannun jarin ba kuɗi za a ba shi.

Ka kuma ware abin da yake laifin kamfani da abin da ya shafi kowa. Babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris 2022 daga kusan sifili har ya haura kashi 5 a 2023, kuma duk lokacin da haka ta faru kamfanonin da ribarsu take can gaba su ne suke fara shan kashi. Ka ɗauko kamfanonin manhaja uku ko huɗu ka kwatanta, in duk tare suka faɗi to iska ce ta kowa, in naka ya fi su nisa to akwai nasa ciwon na daban.

Game da alkawarin sabbin kaya, kowane kamfani da girmansa ya tsaya zai zo da labari. Zoom ya kawo wayar ofis ta Zoom Phone tun 2019, ya kawo manhajar cibiyar amsa kiran kwastomomi a 2022, ya kawo mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, AI Companion, a 2023, har ya cire kalmar Video daga sunansa a ƙarshen 2024 don a daina kallonsa a matsayin na bidiyo kawai. Duk yunƙuri ne mai kyau, amma ma'auninka ɗaya ne, shin abin ya fito a layin kuɗin shiga da kuma abin da tsofaffin kwastomomi suke biya? Haka ma hasashen manyan masu sharhi, a 2022 kamfanin zuba jari na ARK na Cathie Wood ya fitar da lissafin cewa kowane hannun jarin Zoom zai iya kai dala 1,500 zuwa 2026, to ka buɗe irin wannan lissafi ka ga wane saurin girma aka ɗora shi a kai, sannan ka ajiye shi kusa da kashi 7 da kashi 3 ɗin da kamfanin ya kawo a zahiri.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, ka riƙa auna ribarka da dala ba da naira ba. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500, don haka wanda hannun jarinsa ko motsi bai yi ba zai ga nairarsa ta ninka uku ya zaci zaɓensa ne ya yi kyau, alhali da dalar kawai ya riƙe haka zai gani.

Na biyu, ga wanda yake kiyaye halal, tarin kuɗin nan da muka ce shi ne ƙarfin kamfanin shi ne kuma wurin da za ka tsaya ka duba. Ƙa'idar AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, wadda manhajojin tantancewa da yawa suke bi, ta ce bashi mai ruwa kar ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin da aka ajiye a wuraren da ke ba da ruwa ma kar su wuce kashi 30, sannan kuɗin shiga na haram kar ya wuce kashi 5. Biliyan 7 a kan darajar biliyan 20 kashi 35 ne, wato kamfanin da ya wuce tantancewa cikin sauƙi lokacin da darajarsa take 160 zai iya zuwa bakin iyaka ko ya tsallake ta don kawai farashinsa ya faɗi, ba tare da ya canja sana'a ba. Ba duka kuɗin ne lallai suke cikin masu ruwa ba, kuma ma'aunan tantancewa sun ɗan bambanta, wasu da jimillar kadara suke rabawa ba da darajar kasuwa ba, saboda haka ka ɗauki adadin na ranar da za ka saya ka kai wa malamin da ya san fiƙihun mu'amala ku duba tare, kuma ka sake dubawa duk bayan wata uku idan sabon rahoto ya fito.